Ƙananan ma'aikatan jirgin taurari: su wa ke riƙe da iska, ruwa da ƙofa?

Marubuciya ta Zariya: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina kan rubuta ƙagaggen labarin kimiyya da Hausa: jirgin taurari mai mutum 300, tafiyar shekara 2, babu inda za a yada zango a ƙaro kaya. Ba na son kyaftin da matuƙi su cinye labarin. Waɗanda ke can ƙasan jirgi nake son bi, mai gyaran fanka, mai kula da ruwa, kuku, mai sito. Zauren nan cike yake da masu aikin hannu da malamai na Maradi, don Allah ku faɗa mini aikin da irin waɗannan mutane ke tashi da shi kullum, mi ke lalacewa, kuma don mi. Lissafi nake so in gani.

Mushen Fizik: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da numfashi, shi ne ba ya jiran gobe. Mutum guda yana shan kusan gram 840 na oksijin a yini, ya fitar da kusan kilo 1 na iskar kabon. Mutum 300 ke nan kilo 252 shiga, kilo 300 fita, kowace rana ta Allah. Ba a ɗauko oksijin ɗin duka cikin kwalabe, daga ruwa ake tatso shi da lantarki: kilo 9 na ruwa ya ba da kilo 8 na oksijin da kilo 1 na haidirojin. Jirginki zai sha kusan lita 284 a yini don numfashi kaɗai.

Haidirojin da ya fito, wajen kilo 31 da rabi, ba a zubar da shi. Ana gama shi da iskar kabon a kan nikel ko makamancinsa, a zafin digiri 300 zuwa 400, sai a samu ruwa da iskar metan. Hanyar Sabatier ke nan, sunan masanin Faransa da ya gano ta a 1897, kuma an ɗora irin wannan inji a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2010. Inda gizo ke saƙa: ruwan da ke dawowa wajen lita 142 ne, rabin abin da aka kashe, domin rabin haidirojin ya bi metan ya fice. A kwana 730 giɓin ya haura tan 100. Ki sa wani ƙaramin ma'aikaci ya riƙe littafin wannan giɓi. Shi zai riga kyaftin sanin ko ruwa zai kai su.

Mai Gyaran Sanyi na Sabon Gari: Mushe ya ba da lissafi, ni bari in shiga cikin injin da ke tsotse kabon ɗin, don nan ne hannu ke baƙi. Gida biyu ne masu aiki bi da bi. Iska ta fara bi ta tsakuwar silika ta bushe tukuna, saboda tsakuwar da ke kama kabon, ziyolayit, ta fi son ruwa. In raɓa ta kai gare ta, ta daina aiki. Bayan ta bushe sai ta ratsa ziyolayit. In gida ɗaya ya ƙoshi, bawul ya juya iska zuwa ɗayan, shi kuma a gasa shi wajen digiri 200, a zuƙe kabon ɗin, ya huce, ya jira layinsa.

Wannan gashi da hucewa ba dare ba rana shi ke marmashe tsakuwar ta zama gari. Garin ya bi iska ya zauna a bakin bawul, bawul ya ƙi rufuwa sarai ko ya maƙale a tsakiya. Matsalar nan ta sha faruwa a tashar ƙasa da ƙasa. Gyaran ba gaggawa: a kashe gidan, a jira ya huce, a rufe tiyo gaba da baya, a kwance bawul, a zuƙe garin da injin shara, kada a hura shi da baki ko da iska don zai shiga idon kowa, a duba ragar da ke tare tsakuwa ko ta yage, a sauya robobin baki, a ɗaure, a gwada yoyo, sannan a kunna. Wanda ya tsallake gwajin yoyo, injin da kansa zai riƙa zubar da iskar jirgi waje a kowane zagaye, kaɗan-kaɗan, sai an yi mako kafin a gane.

Na ko-ta-kwana kuma gwangwanayen litiyam ne. Suna sha sau ɗaya su mutu, kuma ana bukatar wajen kilo 1.1 don kowane kilo na kabon. Mutum 300, kilo 330 a yini. Na ƴan kwanaki kawai za a iya ɗauka. Ki kuma tuna da kumbon Apollo 13 a 1970: gwangwanayen wani sashe masu kusurwa huɗu ne, ramin ɗayan sashen zagayayye. Da leda, kwali, tiyo da salatif aka haɗa su. Kayan gyara da ba su shiga juna, wannan tsohuwar cuta ce.

Malamar Asibiti ta Ali Ɗan Sofo: In ƙara a kan na Malam. Masu labari suna yawan rubuta cewa oksijin ya ƙare mutane suka faɗi. A rufaffen ɗaki kabon ne ke fara kayar da mutum. Kilo 1 nasa yana cika wajen lita 550. Ki rufe mutum 10 a ɗaki mai mita 5 faɗi, 8 tsawo, 2 da rabi tsayi, fanka a kashe: cikin awa 4 da rabi kabon ya kai kashi 1 cikin 100, cikin awa 13 ya kai kashi 3. Na iskar duniya kashi 0.04 ne. Ciwon kai ke fara zuwa, da nauyin jiki da saurin fushi, sannan haki. Wajen kashi 5 juwa da ruɗewa, daga 7 zuwa 10 suma. Don haka in mutum uku na sashe guda suka zo wajen mai magani da ciwon kai da asuba, kafin ta miƙa ƙwaya sai ta aika a auna iskar ɗakin kwanansu. Inda babu nauyi ma ya fi muni, don iska mai ɗumi ba ta tashi sama: numfashin mai barci yana taruwa a fuskarsa in fanka ba ta kore shi.

Amma Mushe, giɓin ruwanka bai kai haka ba. Jiki da kansa yana haifar da ruwa in ya ƙona abinci, wajen kashi ɗaya cikin uku na lita a yini, ga kuma ruwan da ke cikin abincin. Duka suna fitowa ta gumi, numfashi da fitsari, inji ya kama. Mutum 300, lita 100 ke nan da ba ka sa a littafi ba.

Mushen Fizik: Haka ne, Hajiya, ruwan jiki yana rage giɓin. Sai dai daga sito ya fito, cikin buhun abinci aka ɗauko haidirojin ɗinsa. Ranar da aka rage rabon abinci, ruwan nan ma ya ragu. Shi ya sa littafin mai ruwa da littafin mai sito dole su zauna tebur guda kowane mako.

Ɗan Gulbi: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Mutanen da suka iya ƙera jirgin da ke zuwa wani tauraro, ai sun wuce kwance bawul da hannu. Tauraro mafi kusa da rana haskensa ma sai ya yi shekara 4.2 kafin ya iso. Mai fasahar ƙetare wannan, mutum-mutumi zai sa ya yi gyara, kwamfuta ta yi gadi. Ni a ganina mutum 20 sun isa, sauran 280 ɗin cika labari ne.

Tsohon Soja na Bagalam: Ɗana, tambayarka tana kan hanya, amma yi wannan lissafi. Mako awa 168 ne. Kujera ɗaya da ba a barinta ba kowa, kamar ta mai kallon matsin iska, in kowa yana awa 8 kullum ba hutu, mutum 3 take ci. Sa rashin lafiya, horo, da ranar da za a ja mutum zuwa babban gyara, ta koma 4 ko 5. Kujeru 20 irin wannan, mutum 80 zuwa 100 ke nan, ba a zo kan masu dafa musu, masu wanki, mai aski da masu magani ba. Manyan jiragen ruwan yaƙin Amurka masu ɗaukar jiragen sama suna tafiya da mutum wajen 5,000, matuƙa kuwa ƴan kaɗan ne a ciki.

Tsarin karɓa-karɓa ma abin dubawa ne. A jiragen ruwa tsohon tsari awa 4 aiki, 8 hutu. Jiragen ƙarƙashin teku na Amurka sun daɗe a kan yini mai awa 18, wato 6 aiki 12 sauka, daga baya suka koma yinin awa 24 da gadin awa 8, domin jikin ɗan Adam bai yarda da gajeren yini ba: lokacin barci yana zagayawa, mutum ya zauna gadi idonsa biyu hankalinsa rabi. Kuma hutun nan suna ne kawai. A ciki ake shara, atisayen gobara, karatun jarrabawar ƙarin girma, da gyaran da aka jinkirta. Inda wuri ya yi kaɗan, mutum uku ke raba gado biyu, mai sauka ya kwanta inda mai hawa ya tashi. Malama, sabon kurtu a jirginki daga nan zai fara: gadon aro, goge matatun iska, da takardar da manya za su sa wa hannu sashe bayan sashe kafin a yarda ya taɓa bawul shi kaɗai.

Mai Gyaran Sanyi na Sabon Gari: Ɗan Gulbi, mutum-mutumin ma inji ne. Yana da gaɓoɓi masu son mai, batir mai tsufa, ido mai ƙura. Ka ƙara shi, ka ƙara abin gyara. Kuma na'urar awo tana ƙarya in ta tsufa: mai auna oksijin yana zamewa a hankali, sai an riƙa gwada shi da kwalbar iska da aka san adadinta. In biyu suka saɓa, wani ne zai ɗauki na hannu ya je wurin ya auna.

Ɗan Gulbi: Na ji wannan, Baba. Amma har yanzu 300 ya yi mini yawa. In rabi suna barcin sanyi, wato a sanyaya jikinsu su yi dogon barci, har a isa fa?

Malamar Asibiti ta Ali Ɗan Sofo: Labari ne, tana iya sa haka. Sai dai masu barcin su ma majinyata ne: juya su, kula da tiyon abinci da na fitsari, duba fata kada ta yi gyambo. Aiki ya ƙaru ga masu ido biyu.

Bari in koma kan ruwa, don nan ne aikin da ba a so a ambata yake. Ruwan sha na jirgi daga fitsari, gumi da raɓar numfashi yake. A 2023 hukumar sararin samaniyar Amurka ta ce tashar ta kai maido da kashi 98 cikin 100. A ce kowa a jirginki yana taɓa lita 20 a yini, sha da girki da wanka da alwala, lita 6,000 ke nan. A kashi 98, asarar yini lita 120. In inji ya gaji ya sauko kashi 90, asara ta koma lita 600. Cikin shekara 2 bambancin tan 88 ne da tan 438.

Ga yadda ake yi. Tun a bakin masai ake zuba wa fitsari sinadari mai tsami don kada ya ruɓe ya toshe tiyo. Sai a kai shi wata ganga mai juyawa, a rage matsin iska har ya tafasa ba da zafi mai yawa ba, a kama tururin. A haɗa da raɓar da aka tatso daga iska, a bi da su ta matatu, a ƙona sauran dattin a wani gida mai zafi, a auna tsabta, in bai kai ba ya koma baya. A ƙarshe a sa aidin ko azurfa don ƙwayoyin cuta. A tashar, ɓangaren Amurka aidin, na Rasha azurfa. Abin da ya tsayar da injin tashar a 2009 darasi ne babba. Inda babu nauyi ƙashi yana zubar da kalsiyam, wajen kashi 1 zuwa 1 da rabi cikin 100 kowane wata a wasu ƙasusuwa. Kalsiyam ya fita ta fitsari, ya haɗu da sinadarin tsamin nan mai farar wuta, ya daskare ya zama kamar alli a cikin gangar. An gwada injin a ƙasa da fitsarin mutanen ƙasa, shi ya sa ba a hango ba. Sai da aka rage yawan tatsar, daga baya aka sauya sinadarin. Ki ga yadda abu ke haɗuwa: ma'aikata suka yi sakaci da motsa jikin awa 2 na kullum, bayan wata biyu mai gyaran masai ne zai fara gani.

Marubuciya ta Zariya: Allah shi saka, Yaya. To in na ba jirgin nauyi fa, don a huta da wannan?

Mushen Fizik: Hanyar da ilimi ya sani ita ce juyawa. Zobe mai mita 224 daga cibiya zuwa baki, yana zagaye 2 a minti, zai ba da nauyi irin na duniya. In mita 56 ne sai ya yi zagaye 4, kuma da yawa za su ji juwa in sun waiga da sauri. Ya kawo nasa aiki: inda mai juyawa ya haɗu da marar juyawa akwai boris da robar da ke riƙe iska, ga tiyo da wayoyi da dole su ƙetara. Kuma zobe yana son daidaito. Mai sito ya kwashe tan 5 na hatsi daga gefe guda bai faɗa ba, zobe ya fara rawa, boris ya ci kansa. Sai a tura ruwa tanki zuwa tanki a rama. A cibiya kuwa babu nauyi ko kaɗan, duk dokokin da Hajiya ta faɗa suna nan.

Mai Walda na Mokoyo: Ni maganar huda nake jira. Ana rubuta cewa da an samu rami, kowa ya tashi sama iska ta fizge shi. Ga ƙa'ida mai sauƙi: iska tana fita da gudun da ya kai wajen lita 20 a daƙiƙa ta kowane rami mai faɗin santimita 1 da tsawon santimita 1. Ɗakin Hajiya na ɗazu lita 100,000 ne. Irin wannan rami zai ɗauki wajen rabin awa kafin matsin ya sauko kashi 70 cikin 100, inda mutum yake iya aiki har yanzu. A watan Agusta 2018 an samu rami mai milimita 2 a kumbon Soyuz da ke maƙale da tashar. Aka toshe shi da gam mai ƙarfi da bandeji. Wahalar ba toshewa ba ce, nemowa ce, don bango yana bayan akwatuna da wayoyi. Ana rufe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya a ga wane sashe ne matsinsa ke sauka, sannan a bi bango da na'urar da ke jin shewar da kunne ba ya ji. A 2020, a ɓangaren Rasha, ganyen shayi aka saki aka bi inda ya nufa.

Amma rami kamar tafin hannu, santimita 10 da 10, wata magana ce. Ɗakin nan zai rasa rabin iskarsa cikin kusan daƙiƙa 35. In iska ta ƙare ƙaf, hankalin mutum daƙiƙa 10 zuwa 15 yake saura.

Tsohon Soja na Bagalam: To a nan doka take, kuma ba ta da daɗi: wanda ya fi kusa da ƙofa shi ke rufewa, ba ya jiran umarni, ko da ɗan ɗakinsu yana ciki.

Malamar Asibiti ta Ali Ɗan Sofo: Baba, ban yarda a rubuta shi haka kai tsaye ba. Mai Walda ya nuna ƙaramin rami yana ba da rabin awa. Wanda ya rufe ƙofa a kan ɗan'uwansa alhali akwai minti 30, ai ba bin doka ya yi ba, tsoro ne ya kama shi. Yawancin huda ƙanana ne.

Tsohon Soja na Bagalam: Hajiya, yaron da ke bakin ƙofa bai san girman ramin ba. Ƙara ya ji, kunnensa ya toshe.

Mai Walda na Mokoyo: Ku duka kuna da gaskiya, abin da ke raba gardamar agogon matsi ne a jikin kowace ƙofa. Ba yawan matsin ake karantawa ba, saurin saukarsa. A horar da kowa, har kuku: in allura tana tafiya a hankali, ƙirga mutane su fito sannan ka rufe, in tana zubowa kana kallo, rufe. Kuma ku san ƙofar da kanta. Cikakken matsi yana danna tan 10 a kan ƙofa mai mita 1 da 1. Bambancin kashi 1 cikin 100 kaɗai kilo 100 ne. Ba mai buɗe ta da ƙarfin tuwo, sai an buɗe ƙaramin bawul ɗin daidaitawa an jira. Ga kuma laifin da ƙananan ma'aikata suka fi yi: jan waya ko tiyo na wucin gadi ta bakin ƙofa. A watan Yuni 1997 kumbon kaya ya daki tashar Mir ta Rasha ya huda sashe guda, sai da aka yanke wasu wayoyi aka cire wasu kafin ƙofa ta rufu, iska tana fita. Robar bakin ƙofa kuma a duba ta da fitila, a goge, a shafa mata man da aka tanada. Silin gashi ɗaya a kanta yana sa yoyo.

Malamar Asibiti ta Ali Ɗan Sofo: Da agogon na yarda. Amma Malama, in kin sa yaron ya rufe, ki bi shi bayan nan. Da mutanen sashen zai ci gaba da cin abinci har shekara ta ƙare.

Mai Gyaran Sanyi na Sabon Gari: Gobara a taƙaice: inda babu nauyi hayaƙi ba ya tashi, shi ya sa na'urar jin hayaƙi take a bakin mazuƙar iska. Mataki na farko sa abin rufe fuska, a kashe fankokin sashen, a yanke lantarki, sannan a zura bakin abin kashe wuta ta ramin da aka tanada a jikin akwatin, ba a buɗe murfi a ba wuta iska. Wutar Mir ta Fabrairu 1997 daga gwangwanin da ke haifar da oksijin ta tashi, irin wadda kashe fanka ba ya kashewa. Bayan wuta, kwanaki ana goge toka ana sauya matatu.

Abin da na fi so ki ba wuri shi ne zafi. Mutane suna zaton sanyi ne abokin gaba a can. Jirgi kewaye yake da wofi, ba iskar da za ta ɗauke zafi, kuma duk lantarkin da aka ci a ciki zafi yake komawa. Hanya ɗaya ce: faranti masu fitar da shi ta haske. Faranti mai zafin digiri 27, ko da ya cika kyau, wat 460 yake fitarwa a kowace murabba'in mita. Megawat 1 yana son wajen murabba'in mita 2,200. Jikin mutum 300 kilowat 30 ne kawai, injuna ne masu yawan.

A cikin jirgi ruwa ke zagayawa yana kwashe zafin, don in ya zuba ba ya kisa. A waje amoniya, don ba ta daskarewa sai digiri 78 ƙasa da sifiri. Suna haɗuwa a akwatin musayar zafi, ƙarfe siriri ne tsakaninsu. In amoniya ta dawo da sanyi fiye da kima, ruwa ya daskare ya kumbura ya fasa ƙarfen, amoniya ta shigo inda mutane suke. Mai gadin wannan akwati idonsa yana kan zafin amoniyar da ke shigowa da bawul ɗin da ke gauraya ta da mai ɗumi. A Janairu 2015 ƙararrawar amoniya ta yi kuka a tashar ƙasa da ƙasa, ma'aikata suka koma ɓangaren Rasha suka rufe ƙofa, daga baya aka gane na'ura ce ta yi ƙarya. A Yuli 2010 kuwa famfon amoniya ya mutu da gaske, aka kashe kayan aiki da yawa, sai da aka fita waje sau 3 kafin a sauya shi. Famfo ya tsaya, tambayar farko ita ce wa za a kashe wa wuta: kicin, ɗakin wanki, ko fitilun lambu.

Hajiya Mai Abinci ta Burja: Tunda an ambaci kicin. Ana lissafa wajen kilo 1.8 na abinci da ƙunshinsa ga mutum a yini. Naku ya kusa tan 400. In mutanen Maradi ne a jirgin, ɗiyata, kada ki ɗora musu garin gero. Yana da mai, ba ya daɗewa yake ɗaci. Tsaba za a ɗauka a rufe ba iska, a niƙa na mako-mako, a ɗakin da ke da tasa matata, don ƙurar gari tana toshe fanka kuma tana kama wuta. Kilishi da ƙuli-ƙuli za su yi watanni, amma man gyaɗa shi ma yana juyawa, a fara cinye su. Inda babu nauyi, dambu da garin yaji ba su shiga, za su watse su shiga ido da hanci. A tashar ma gishiri a ruwa yake, barkono a mai, kuma sun bar burodi mai marmashi. Abincin ajiya yana rasa bitamin C da B1 da daɗewa, don haka lambu ba ado ba ne. A 2015 aka fara cin latas da aka shuka a ɓangaren Amurka na tashar. Ciyar da mutum daga shuka kaɗai yana son wajen murabba'in mita 50, ku hekta ɗaya da rabi ke nan, ga wutar fitilu. Ki tsaya a ganye: alayyafo, yakuwa, latas, albasa.

Malam na Limanci: Salla ma tana shiga jadawalin gadi. Tashar tana ganin fitowar rana sau 16 a yini. Da ɗan Malesiya ya je a 2007, cikin azumi, malaman ƙasarsa sun fitar da jagora: a bi lokutan wurin da aka tashi, alƙibla gwargwadon iko. Jirginki sai ya tsayar da agogo guda, shugaban sashe ya tsara wanda zai riƙe kujera minti 10. Ruwan alwala kuma ya bi magudanar da ke komawa inji.

Marubuciya ta Zariya: Madalla. Saura masu fita waje.

Mai Walda na Mokoyo: Mai fita ɗaya, masu shirya shi da yawa. Rigar fita waje ta Amurka tana aiki da matsin da bai kai kashi ɗaya cikin uku na cikin jirgi ba, oksijin zalla. Dole mutum ya daɗe yana shaƙar oksijin kafin ya fita don naitirojin ya bar jininsa, in ba haka ba ya yi kumfa a gaɓoɓi. Babu zancen zura riga a fice cikin minti 2. Sanyaya rigar kamar randa ne: ruwa yana tsatsowa ta faranti mai ƙofofi, ya daskare, ya bi wofi, ya tafi da zafi. Kowane sufana da igiyarsa. A 2008 jakar kayan aiki sukutum ta suɓuce ta tafi.

A Yuli 2013 ruwa wajen lita 1 da rabi ya taru a kwalkwalin ɗan Italiya Luca Parmitano yana waje, ya rufe masa ido da hanci. Datti ne ya toshe ƙananan ramukan abin da ke raba ruwa da iska a bayan rigar. Mako guda kafin nan an ga ruwa a kwalkwalin, aka ɗora wa jakar ruwan sha. Mai kula da riguna da zai ce wannan riga ba ta fita sai an kwance ta, alhali manya suna gaggawa, ga mutumin labarinki nan.

Marubuciya ta Zariya: Baba na Bagalam, da mai sauka gadi da mai hawa, mi suke faɗa wa juna?

Tsohon Soja na Bagalam: Mai hawa ya zo minti 15 kafin lokaci, ya zagaya sashen da ƙafarsa kafin ya karɓa. Sannan a tsaye, littafi a buɗe: matsin iska, oksijin da kabon na awa 8 da suka wuce, ba na yanzu kaɗai ba, don a ga inda suka nufa. Wane inji ke aiki, wane ke jira, wane aka kwance. Ruwan kowane tanki. Su wa ke cikin wane rami suna aiki, da sunayensu. Duk ƙararrawar da ta yi kuka, har wadda aka ce ƙarya ce. Sai mai hawa ya ce na karɓa da bakinsa, su sa hannu su biyu. Kafin wannan kalma, ko lokaci ya wuce, kujerar tana wuyan mai sauka.

Mai Gyaran Sanyi na Sabon Gari: A ƙara da kwado. Duk bawul ko makunnin da aka rufe don wani yana aiki a bayansa, a sa masa kwado da jan kati mai sunan mai aikin da lokaci, makulli a aljihunsa. Ba mai cirewa sai shi, ko kyaftin ne. In ya sauka bai gama ba, mai karɓa ya sa nasa kwadon tukuna, sannan na farko ya cire nasa.